BABI NA HUƊU: KAMANTAWA DA ABIN DA YA RABA TA DA SIFFANTAWA DA ADON MAGANA

4.1 Gabatarwa

Ɗalibai da dama sukan haddace cewa duk inda aka ga kalmar "kamar" an sami kamantawa. Malamin da ya shiga aji da wannan fahimta kuskure zai shuka, domin kalmar kaɗai ba ta isa hujja ba.

4.2 Ma'anar Kamantawa

Kamantawa ita ce a ɗauko abubuwa biyu mabambanta jinsi a gwada su ta fuskar wata siffa da suka yi tarayya a kanta, ta amfani da kalmomi irin su kamar, tamkar, awa, ya fi, bai kai ba. Masana adabi, irin su Abdulƙadir Ɗangambo, sun kasa ta gida uku:

(a) Kamancen daidaito: Ranar jajibirin salla kasuwar Tudun Wada takan cika tamkar gidan tururuwa.
(b) Kamancen fifiko: Zuciyar azzalumi ta fi dutsen Kufena tauri.
(c) Kamancen kasawa: Zuma ba ta kai maganar uwa zaƙi ba.

A lura, jimloli irin su "kamar za a yi ruwa" ko "sun kai kamar mutum goma" ba kamantawa ba ne. Zato ne da kintace, don babu abu na biyu da aka gwada.

4.3 Kamantawa da Siffantawa

A siffantawa ba a cewa wannan ya yi kama da wancan, sai a ce shi ne kai tsaye. "Audu kamar zaki yake" kamantawa ce. "Audu zaki ne" siffantawa ce. Ke nan kamantawa takan bar tazara tsakanin abubuwan biyu, siffantawa kuwa takan haɗe su.

4.4 Kamantawa da Adon Magana

Adon magana daskararren furuci ne wanda ma'anarsa ta saɓa wa ma'anar kalmomin da suka gina shi. Wanda ya "sha kunu" fuska ya ɗaure, ko da bai kurɓi komai ba. Mai magana yana da ikon ƙirƙiro sabuwar kamantawa, ya musanya zaki da giwa, amma da zarar ya ce "ya sha koko", ma'anar ta rushe. Inuwa Dikko da Usman Macciɗo sun tattara irin waɗannan furuce-furuce cikin Ƙamus na Adon Maganar Hausa, wanda aka buga a Zariya a 1991.

4.5 Kammalawa

Tambayoyi uku sun ishi malami ma'auni: Shin an gwada abubuwa biyu? Akwai kalmar gwadawa? Ana iya sauya kalma ba tare da ma'ana ta ɓace ba?

4.6 Auna Fahimta

1. Mayar da wannan jimla siffantawa: "Ilimi tamkar fitila yake."
2. Bayyana ajin kowane: farin jini, Binta tauraruwa ce, kamar ya iso.