Yadda Ake Tafiya Daga Kaduna Zuwa Birnin Gwari Da Babur Mai Caji

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, mutane da dama suka fara kallon babur mai caji da idon sha'awa. A cikin gari ba shi da laifi: ka jona da dare, ka hau da safe. Doguwar hanya ce ke tona masa asiri. Mai Bajaj in mansa ya ƙare a Udawa, kan hanyar Birnin Gwari, zai samu ɗan bumburutu da kwalba a bakin titi. Wutar lantarki kuwa ba a sayar da ita a kwalba. Kuma tsakanin Kaduna da Birnin Gwari, kimanin kilomita 120, akwai wuraren da ba ka fatan ƙafarka ta taɓa ƙasa, balle ka tura babur.

Fara da sanin batirinka, kuma kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Duba jikinsa, za ka ga lambobi biyu, misali 72V da 40Ah. Ninka su: 2,880 ke nan, ƙarfin da batirin ke ɗauka. Babur mai ɗauke da mutum ɗaya a matsakaicin gudu yakan ci wajen 40 daga ciki a kowace kilomita, wato irin wannan batiri zai kai ka kilomita 70 da ɗan wani abu. Wannan lissafin takarda ne. Kafin ranar tafiya ka cika shi, ka ɗora kayan da za ka tafi da su, ka yi ta zagaye kusa da gida har ya kusa mutuwa, ka rubuta abin da mita ta nuna. Kashi biyu cikin uku na wannan adadi shi ne naka. Ragowar na ramuka ne, da hawa, da iskar hunturu mai bugun ƙirji, da ranar da za a ce ka juya ka koma.

In ka yi wannan lissafi da gaskiya za ka ga batiri ɗaya bai isa ba. Zango uku ke nan da caji biyu, kowanne na awanni, rana ta faɗi kana hanya. Ni dai shawarata, wanda ba shi da batiri na biyu ya ɗora babur ɗinsa a mota daga tashar Mando, ba abin kunya ba ne. A Ogun, inda kamfanin Spiro ya kafa wuraren musanyar batiri, ɗan acaɓa na ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. Kada ka fito da tsammanin samun haka a dajin nan.

Ko da batiri biyu, sai ka nemi wurin caji, wanda shi ne ƙashin bayan tafiyar gaba ɗaya. Garuruwan da za ka bi su ne Buruku, Udawa, Kuriga, kafin ka ƙarasa. Buruku ta yi kusa da Kaduna, batirinka bai ji yunwa ba tukuna. Udawa ta fi dacewa da zango. Kada ka sa rai da wutar gwamnati. A Oktoba 2024 lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna ya jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki, to ina ga ƙauye. Wanda za ka nema shi ne mai walda, ko mai sayar da ruwan sanyi da ke da babban janareto, ko shago mai sola da infata mai ƙarfi. Ka samo lambarsa ta hannun direbobin tasha, ku yi magana tun ana gobe, ku yanke kuɗi.

Ka tambaye shi girman injinsa, don a nan ake yawan faɗawa. Caja mai ba da 10A tana jan wat 900 ko kusa da haka. Ƙaramin janareton nan da masu cajin waya ke amfani da shi ba zai ɗauka ba. Za ka ji muryarsa ta shaƙe, ƙwan shago ya dushe, wani lokaci cajar ce za ta ƙone. Nemi mai wat 2,000 zuwa sama. Ka taho da wayar joninka mai kauri, domin siririyar nan ta kasuwa takan yi zafi har filogi ya narke ya manne da soket, kana jin ƙaurin roba. In ka iso, bar batirin ya huce a inuwa kamar minti 20 kafin ka jona, kuma a bar janareto ya daidaita tukuna. Tsaya ka ga jar fitilar cajar ta kama, fankarta na juyawa, sannan ka tafi neman shayi. Awa biyu za su mayar maka da rabin batiri, wajen kilomita 35 a lissafin takarda. Ba sai ka jira fitila ta koma kore ba, don ƙarshen caji shi ya fi jan lokaci, kai kuma rana kake tsere da ita.

A kan hanya, riƙe gudu tsakanin kilomita 40 da 50 a awa. Iska na cin batiri fiye da yadda ake zato: in ka ninka gudu, turjiyarta ninkawa take sau huɗu. Cika taya yadda ya kamata, ka daina fizgar totur bayan kowane rami. In ka ratsa ruwa da damina, kada ka jona caja sai soket ɗin batirin ya bushe.

Batun tsaro ba a yi masa kara. A 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawa babur na watanni uku, ta kuma rufe layukan waya a wasu sassa, saboda 'yan bindigar da ke dazukan yankin, har da na Kamuku. A Maris 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga. Bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya ƙaddamar a Nuwamba 2024 an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun dawo hanya, alhamdu lillahi. Duk da haka ka tambayi direbobi labarin hanya da safiyar da za ka tashi, ka fita bayan gari ya waye sarai, ka bi bayan motocin haya, ka tsara isa kafin la'asar. Rasit ɗin babur da katin shaidarka su kasance a aljihun gaba, domin a shingen bincike za a tambaye ka, har ma a so ganin abin da ke cikin akwatin batirin. Kuma tunda babur ɗinka ba ya ƙara, rage gudu tun daga nesa, ka ɗaga hannu a gan ka.

Da ka shiga Birnin Gwari, kafin gaisuwa ta yi nisa da mai masaukinka, ka tambaye shi inda za ka jona na komawa. Batiri biyu a caja ɗaya za su ci awa takwas ko fiye, don haka ka shirya kwana.