TAKUNKUMIN NUMFASHI: YADDA ZA KA ZAƁE SHI DA YADDA ZA KA ƊAURA SHI

Ma'aikata da yawa a ƙasar nan cikin ƙura da hayaƙi suke neman abincinsu: masu fasa dutse, da ma'aikatan gidajen siminti, da masu gurzar auduga, da masu feshin fenti ko maganin ƙwari. Ƙurar da ta fi cuta ita ce wadda ido ba ya gani, gama ita ke zarcewa har cikin huhu. Ƙurar dutse takan sa huhu ya ƙandare sannu a hankali, sai bayan shekaru mutum ya ga ko ɗan tudu ya hau sai haki. Wannan ciwo ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A shekarar 2010 ma, ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara kimanin 400 a Jihar Zamfara.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta nauyin rage ƙura da hayaƙi, da ba ma'aikatansa kayan tsare lafiya. Saboda haka a fara da yayyafa ruwa da kafa fankokin zuƙe ƙura. Abin da ya rage shi takunkumi zai tare. Amma a lura, ƙyalle, ko bakin rawani, ko takunkumin asibiti, ba su isa su tare ƙura mai laushi ba.

KOWANE HATSARI DA IRIN NASA

1. Na ƙura. Duba lambar da ke jikinsa. Mai alamar N95 yana tace kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura, FFP2 kashi 94, FFP3 kuwa kashi 99. Amma ba ya tare tiririn fenti ko na fetur.

2. Mai gwangwani. Na roba ne, da gwangwanin gawayi na musamman mai tsotse iskar guba. Kowace guba da gwangwaninta, don haka a karanta rubutun jikinsa. Mai feshi yana bukatar gwangwani da matacin ƙura a haɗe.

3. Mai kawo iska daga tulu ko ta tiyo. Oksijin da ke cikin iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 ne. In ya gaza kashi 19.5, kamar yadda yakan faru a rijiya, ko tanki, ko ramin masai, babu matacin da zai cece ka, domin mataci ba ya ƙara iska. Nan kuwa sai wannan na uku.

YADDA ZA KA ƊAURA

Ka zaɓi daidai fuskarka. Ɗaura igiyoyi biyun duka, ɗaya a saman kai, ɗaya a ƙeya, ka matse ƙarfen bisa karan hanci. Sa'an nan ka rufe shi da tafin hannu ka yi numfashi. In ka ji iska na fita ta gefe, sake gyara shi.

Gemu ko saje yakan hana shi kama fuska. Mai gemu sai ya nemi irin wanda ke rufe kai duka, mai ɗan inji da ke hura tatacciyar iska.

KULA DA SHI

Da zarar numfashi ya yi nauyi, ko takunkumin ƙura ya jiƙe, jefar da shi. Canja gwangwani a kan ƙa'ida. In har ka ji warin fenti a ciki, fita nan take. Wanke na roba da ruwa da sabulu bayan ka cire gwangwanin, ka adana shi a rufe. Kada ka kai wa iyalinka tufafin aiki masu ƙura gida.

Takunkumin da ke rataye a wuya bai tsare kowa ba. Rigakafi ya fi magani.