Daga Sa'a Zuwa Dabara: Darasin Kimiyya a Cikin Wasan Karta

Gabatarwa

A yawancin gidajenmu, da an ambaci karta sai a tuna caca, shi ya sa iyaye da malamai kan kawar da kai daga gare ta. Amma idan aka raba ta da kuɗi, karta kayan aiki ce mai araha ta koyar da lissafi da zurfin tunani. Wannan darasi zai nuna yadda sauya ƙa'ida kaɗan ke mai da wasan sa'a ya zama na dabara, da kuma abin da hakan ke koya mana game da gonar auduga.

Kayan Aiki

Za mu yi amfani da kartar Whot, wadda William Henry Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935, ta kuma samu karɓuwa ƙwarai a Nijeriya. Tana da kati 54: masu da'ira 12, masu alwatika 12, masu gicciye 9, masu murabba'i 9, masu tauraro 7, sai 5 masu lamba 20. Abin lura shi ne, masu gicciye da masu murabba'i lambobinsu iri ɗaya ne, wato 1, 2, 3, 5, 7, 10, 11, 13 da 14.

Wasan Farko: Sa'a Zalla

A ba yaro ɗaya masu gicciye, ɗayan kuma masu murabba'i. Kowa ya gauraya nasa ya kife, sannan su riƙa buɗe na sama tare; mai babbar lamba ya kwashe duka biyun. A nan babu wanda ya zaɓi komai. Tun lokacin da aka gama gaurayawa aka san mai nasara, buɗewa kawai ta rage. Ko shekara goma yaro ya yi yana wannan wasa, ba zai fi wanda ya fara yau gwaninta ba.

Wasa na Biyu: Shigowar Dabara

Yanzu a ɗauko masu da'ira, a cire 4 da 8 da 12, sai su koma tara masu lambobi irin na hannun yaran. Waɗannan su ne lada, jimlarsu 66. A gauraya su a kife a tsakiya. Kowane yaro ya riƙe katunansa yana kallonsu. A buɗe lada guda, kowa ya zaɓi katin da zai taya da shi ya kife, sannan su buɗe lokaci ɗaya. Mai babbar lamba ya ɗauki ladan. Idan an yi kunnen doki a ajiye shi gefe. Katin da aka taya da shi ya tafi ke nan. Bayan zagaye tara, wanda jimlar ladansa ta fi yawa shi ya ci.

Mu ɗauka yaro na farko ya saba taya kowane lada da lamba irinsa: 5 da 5, 10 da 10. Idan na biyu ya gane haka, sai ya riƙa ɗara shi da mataki ɗaya: 5 da 7, 10 da 11, 13 da 14. Idan ladan 14 ya fito, sai ya yar da 1 ya haƙura. Sakamako: 52 da 14. To, amma shi ma idan ya nace wa wannan hanya, wanda ya ɗara da mataki biyu zai kwashe komai ban da ladan 13, a tashi 53 da 13. Ashe babu wata tsayayyar hanya da ba ta da magani. Ƙimar dabara ta dogara ne ga abin da abokin karawa yake yi, kuma wanda aka gane takunsa ya sha kaye. Irin wannan nazari ne masanin lissafi John von Neumann ya aza wa harsashi a 1928, sannan a 1973 John Maynard Smith da George Price suka shigo da shi cikin ilimin halittu don bayyana faɗan dabbobi.

Daga Tabarma Zuwa Gona

Ɗaliban Funtua da Malumfashi sun san auduga, sun kuma san tsutsar da ke huda ƙwallonta. Manomin da ke fesa magani iri ɗaya kowace damina daidai yake da yaro na farko. Ba wai tsutsa tana tunani ba ne. A cikin dubbanta akwai 'yan kaɗan da halittarsu ke jure maganin. Sauran su mutu, su kuwa su rayu su hayayyafa, har zuriyarsu ta cika gona. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Charles Darwin ya bayyana a 1859. An ga haka a Ostireliya a 1983, inda wannan tsutsa ta daina jin magungunan rukunin pyrethroid, daga baya kuma aka gani a gonakin auduga na Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1990. Saboda haka ne masana aikin gona ke ba da shawarar sauya rukunin magani, da juya amfanin gona, da yin feshi sai an duba an ga bukata.

Aiki Ga Malamai

A raba aji biyu-biyu, su buga kowane wasa sau goma da abokan karawa daban-daban, a rubuta sakamako a allo. Sannan a tambaye su: a wane wasa ne wasu sunaye suka riƙa maimaituwa a sama, kuma me ya sa? Daga nan su lissafa abin da zai faru idan mai ɗarawa da mataki uku ya gamu da mai mataki biyu. Sharaɗi ɗaya ne: kada a sa ko kwabo, kuma a sanar da shugaban makaranta manufar darasin tun kafin a fito da karta.