Darasin Ƙungiya: Ƙarfin Ƙashin Iyayenmu Mata Bayan Ɗaukewar Haila

'Yan'uwa manoma, a fadamar Zauro da sauran garuruwan bakin Gulbin Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, mata masu shekaru ne ke riƙe da aikin shinkafa bayan yanka. Su ke sheƙa, su turara, su shanya, su kai kasuwa. Amma dukanmu mun san wata tsohuwa wadda santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya karye, ba ta ƙara tashi ba. Yau masu kyamis da 'yan talla suna sayar da ƙwayoyin "ƙarfin ƙashi" da tsada. Shin su ne mafita? Bari mu duba tare.

1. Ƙashi rumbu ne

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Abin ginin shi ne kalsiyam, sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Ƙashi kamar rumbu yake: ana zuba kalsiyam tun daga ƙuruciya har wajen shekara 30, sa'an nan rumbun ya kai iyakar cikarsa. In abinci ya gaza, jiki yakan ɗiba daga rumbun.

Tsakanin shekara 45 da 55 haila takan ɗauke wa mace. A lokacin nan wani sinadarin jikin mace mai suna isturojin, wanda ke tsaron ƙashi, yana raguwa ƙwarai. Ɗiba ta fi zubi ke nan, musamman a shekarun farko. Ƙashin yakan zaizaye daga ciki kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya, ciki rami. Ba ya ciwo sai ran da ya karye. Inda ya fi karyewa shi ne wuyan hannu, ƙashin baya da ƙugu. In uwarmu ta fara ranƙwafawa, ko tsawonta ya ragu, mu lura.

2. Nawa jiki ke bukata?

Masana a Amurka sun ƙayyade miligiram 1,200 na kalsiyam kowace rana ga macen da ta wuce shekara 50. A Ingila ma'auninsu 700 ne. Tuwon shinkafa, gero da dawa suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. A Jos, binciken da aka buga a 1999 ya nuna yara masu gwamen ƙafa suna samun wajen miligiram 200 kawai a rana, kuma kalsiyam ya fi bitamin D kaɗai warkar da su. Tukunyar da yaro ke ci, ita kakarsa ke ci.

3. Ƙwaya fa?

A 2006 aka buga sakamakon wani babban bincike a Amurka. Mata fiye da 36,000 waɗanda haila ta ɗauke musu aka raba kashi biyu. Rabi sun sha kalsiyam miligiram 1,000 da bitamin D kullum har wajen shekara 7, rabi kuwa ƙwayar da ba kome ciki. Ƙashin ƙugun masu shan maganin ya ɗan ƙara kauri, amma karaya ba ta ragu yadda aka zata ba. Tsakuwar ƙoda kuma ta ƙaru a cikinsu da kashi 17 cikin 100.

Matan nan sun fi namu samun madara. Saboda haka ba mu ce ƙwaya ba ta da amfani ga wadda abincinta ya gaza. Abin da muke cewa shi ne, likita ne zai faɗi wadda ke bukatarta. In ya rubuta, a kiyaye waɗannan:

(a) A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin.
(b) A sha tare da abinci, kada a wuce miligiram 500 a zama ɗaya.
(c) Kada a haɗa ta lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini, gama suna tare wa juna hanya.
(d) Mai ciwon ƙoda ta gaya wa likita tun da fari.

4. Ƙwayar da ke cin ƙashi

Ga wani haɗari da ya fi kusa da mu. Mace mai ciwon gwiwa ko baya takan sayi haɗin ƙwayoyi a leda, ko waɗanda ake kira "sha ka fashe" don ƙiba. Sau da yawa a cikinsu akwai dexamethasone ko prednisolone. Ciwo yakan lafa, kumatu su cika, amma shan su wata da watanni yana zaizaye ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari farat ɗaya, wannan ma haɗari ne. A kai ta asibiti a rage mata sannu a hankali.

5. Abin da ke hannunmu

Nono da kindirmo: kofi ɗaya yana da wajen miligiram 300.
Ƙananan kifi: mu mutanen gulbi ne. Busasshen ƙaramin kifi da ake ci har da ƙaya ya fi tsokar giwan ruwa amfani ga ƙashi. A daka shi duka a zuba a miya.
Kuka da zogale: busasshen ganyensu yana da kalsiyam da yawa. A shanya a inuwa, a yawaita a miya.
Rana: fata tana yin bitamin D in rana ta taɓa ta, shi ne ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam. Kada tsohuwa ta wuni cikin ɗaki.
Motsi: tafiya da aiki daidai ƙarfi suna riƙe ƙashi, zama wuri ɗaya yana raunana shi.
Gishiri da kanwa: a rage. Kanwa ba kalsiyam ba ce, yawan gishiri kuwa yana fitar da kalsiyam cikin fitsari.

6. Aikin ƙungiya

Mu dasa zogale a shingen kowane gida, mu bar kukar da ke gonakinmu. Ran kamun kifi, mu ware rabon gida kafin na kasuwa. Wurin rabon abinci, kada tsohuwa ta tashi da gayan tuwo bayan maza da yara sun kwashe kifin. Mu zuba tsakuwa a bakin rijiya da makewayi, mu sa fitila a ɗakinta. In ta fāɗi ta kāsa taka ƙafa, a kai ta asibitin Argungu ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi a ɗauki hoton ƙashin a ranar, gama karayar ƙugu ta fi ƙarfin ɗori na gida. Kada kuma mu manta da 'yan mata. Da sanyin safiya ake kama fara, rumbun da za su ci da tsufa yanzu ake cika shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mata nawa a unguwarmu suka karye bayan ƙaramar faɗuwa? A ina suka fāɗi?
2. A makon jiya, sau nawa tsohuwar gidanmu ta sami nono ko kifi?
3. Kuɗin kwalin ƙwaya ɗaya, ƙwaryar nono nawa zai saya?
4. Wa zai ɗauki nauyin rainon irin zogale kafin damina?