Toka-toka biyu: wanne za a shafa wa ɗaki?

A takardar samfur, Agreeable Gray da Repose Gray, fentin kamfanin Sherwin-Williams na Amurka, tamkar Hassan da Husaini suke. Sai sun hau bango ake rarrabe su. Na farkon yana da sirkin ruwan ƙasa, shi ya sa yake karɓar kujerun katako. Na biyun ya fi sanyi a ido, ya kuma ɗan fi duhu: kashi 58 cikin 100 na haske yake mayarwa, wancan kuwa 60.

Kada ku yanke shawara a shago. Ku shafa kowanne a babban kwali, ku jingina da bango, ku duba da hantsi, da la'asar, da dare a hasken lantarki. Ɗakin da rana ba ta leƙawa sosai, ni dai na farkon zan ba shi.