Gajiyar Gam a Mahaɗar Bututun Ƙarfe

'Yan'uwana ɗalibai, ko kun taɓa ɗaukar 'yar wayar ƙarfe kuna lanƙwasa ta gaba da baya har ta karye? Lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata kome, maimaitawa ce ke karya ta. Wannan shi masana ke kira gajiyar ƙarfe. Wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya bincika al'amarin sosai a shekarun 1860, domin sandunan ƙafafun jirgin ƙasa suna ta karyewa alhali kayan da aka ɗora musu bai fi ƙarfinsu ba.

To, ba ƙarfe kaɗai ke gajiya ba, har da gam ɗin da ake haɗa shi da shi. Mun saba ganin walda, amma zafinta yakan raunana wasu ƙarafa kamar alminiyam. Saboda haka a kan zura bakin bututu cikin wani, a cike tsakaninsu da gam mai ƙarfi wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. A 1979 kamfanin Vitus na Faransa ya fito da keken tsere na alminiyam wanda haka aka haɗa bututunsa. Duk sa'ad da mahayi ya taka feda, jikin keken sai ya ɗan murɗa, hagu da dama, sau dubbai a tafiya guda.

Ga inda gizo ke saƙa. In aka murɗa irin wannan mahaɗa, nauyin ba ya rabuwa daidai a kan gam ɗin. Bakin nan biyu su ke shan wahala, tsakiya kuwa kusan hutawa take yi. Don haka daga baki 'yar tsaga ke somawa, ido ba ya ganinta, tana ci gaba kaɗan kaɗan da kowace murɗa, har ran da abin da ya rage ya kasa. Ƙara tsawon mahaɗar ma, in ya wuce wani ƙima, ba ya ƙara mata ƙarfi.

Maganin abin shi ne a goge ƙarfen da sanfefa, a wanke maiƙo tas kafin a shafa gam, a siranta bakin bututun don nauyi ya bazu, sa'an nan a tsare shi daga danshi. Kuma sai an gwada shi a injin da zai murɗa shi sau miliyoyi.

Haɗarin danshi ya bayyana a 1988 a Hawayi ta Amurka. Wani jirgin sama na kamfanin Aloha ya yi tashi kusan 90,000 cikin iskar teku. Can ba murɗa ba ce, kumburi da saɓewar jikin jirgi ne a kowane tashi. Danshi ya ɓamɓare gam, nauyi ya koma kan ƙusoshi, tsaga ta bi su, rufin gaba ya yaye a sama. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, sauran suka sauka da rai.

Daga ƙarshe, masu sha'awar aikin injiniya su riƙe wannan: don mahaɗa ta riƙe yau, ba shi ne za ta riƙe baɗi ba. Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. A tsabtace, a gwada, a kuma riƙa dubawa.