Darasin Kasuwanci: Tallata Haja ta Shafukan Sada Zumunta

Tun daga shekarar 2001 da aka fara amfani da wayar salula a Nijeriya, hanyar da mai saye ke bi ya iske mai sayarwa ta sauya. A yau mai atamfa a Kantin Kwari ta Kano, ko mai albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, yana iya nuna hajarsa ga mutanen Aba da Fatakwal yana zaune a rumfarsa. Sai dai buɗe shafi kaɗai ba ya kawo ciniki. Akwai ƙa'idojin da ya kamata ƙaramin ɗan kasuwa ya kiyaye.

Na farko shi ne zaɓen dandalin da ya dace da hajar. Instagram da TikTok sun fi dacewa da kayan da ido ke so, kamar yadi da takalma. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018, tana ba da damar jera kaya da farashinsu, da tura amsa ko da mai shago ba ya kusa.

Na biyu shi ne amana. Mai saye daga nesa yana gudun cinikin biri a sama. Saboda haka hoton da aka sa ya zama na ainihin kayan da ke hannu, a bayyana farashi da kuɗin mota. Yin rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC yana ba da damar buɗe asusun banki da wannan sunan, abin da ke kwantar da hankalin mai turo kuɗi. Masu sarrafa abinci da man shafawa kuwa su nemi lambar NAFDAC.

Na uku, tallan biya. A fara da kuɗi kaɗan, a zaɓi gari da shekarun waɗanda ake son su gani. A tuna cewa tun Janairun 2022 kamfanin Meta ke ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan da aka saya daga Nijeriya. Ma'aunin nasara shi ne yawan waɗanda suka saya, ba yawan waɗanda suka yaba hoto ba.

Haka nan kuma, kada a saki kaya bisa saƙon shigar kuɗi kawai, domin 'yan damfara suna ƙirƙirarsa. A duba asusu tukuna.

Daga ƙarshe, kada a jingina da dandali guda. Gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke na kimanin sa'o'i 6. Ɗan kasuwar da ya rubuta lambobin abokan cinikinsa a littafi, da yardarsu, zai ci gaba da ciniki ko da shafinsa ya rufe.